Kwanannen burodin Malam Hamani

Ina tsaka da shanya albasa yau da safe labari ya iso ni. Malam Hamani mai shayi ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na bar albasar, na zauna a kan buhu. Na san ya tsufa, na san jiki ya yi rauni, amma duk da haka sai na ji kamar an zare mini wani abu a ƙirji.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Mu da muka ci kasuwar Malanville zamanin soja, lokacin da aka canza wa ƙasar suna daga Dahome zuwa Benin, kowa ya koma kamarad, wato kwamared, mu muka san ko wane ne shi.

Bazabarme ne daga wani ƙauye bayan Gaya ta Nijar. Ya ƙetaro kogi yana saurayi, ya kafa teburin shayi kusa da duwan, wato 'yan kwastan, inda manyan motoci ke jeruwa kafin su hau gada. Rumfar albasata tana kallon teburinsa. A wurina yake sayen albasar da yake soya ƙwai da ita, daga nan muka saba.

In na tashi salla, shi ke duba mini rumfa. Da na haihu na dawo kasuwa da goyo, kullum sai na tarar ya ajiye mini ruwan zafi a buta ba tare da na roƙa ba. Direban da duwan suka tsare masa mota har guzurinsa ya ƙare, a teburin Malam Hamani yake karyawa, kuma ban taɓa jin an tayar da maganar kuɗin ba daga baya.

Ni kuwa Allah ya yi ni da tambaya. Ba na iya ganin abu in kau da kai. Shi ya sa ya laƙaba mini suna Jandarma, wai ina bincike kamar ɗan sanda, kuma sunan ya bi ni har yau a layin 'yan albasa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a lamarinsa shi ne burodi.

Duk masu shayin layin nan sabon burodi suke rububi, mai zafi, fitowarsa daga tanda ke nan. Shi kuwa sai ya saya yau, ya zuba a buhun gari, ya rataye a reshen dogon yaro, sai gobe zai taɓa shi. Kuma ba ya ba mutum haka nan. Sai ya yanka kaurin yatsa, ya jera a kan ragar waya, ya gasa a garwashin da toka ta rufe.

Wajen saye ma abin kallo ne. Zai ɗauki dogon burodin nan, ya juya bayansa, ya ƙwanƙwasa da farce kusa da kunne. Ya danna da babban yatsa ya ga ko zai taso. Ya kai hanci. Mai tallan yana tsaye yana tsaki, shi ko a jikinsa.

Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Malam Hamani, wai burodi kake saye ko kankana?"

Ya yi dariya ya ce, "Jandarma an hwara aiki. Zo ki ji da kunnenki."

Ya ƙwanƙwasa ɗaya, na ji ƙara kamar ta ƙwarya. Ya ƙwanƙwasa wani, na ji tim.

"Wanga mai tim ɗin, cikinai bai nuna ba," in ji shi. "Ko kin kwana kina gasa shi, danƙo za shi yi."

Na ce to me ya sa sai wanda ya kwana?

"Sabo ruwa gare shi. Wuta tana ƙona bayan, ciki shina nan jiƙe. Wanda ya kwana ya sha iska, wuta na shiga har tsakiya."

Na ce to burodin Najeriya fa, mai laushin nan mai zaƙi, da ake kawowa ta Gaya? A lokacin shi ne burodin 'yan gayu. In za ka gaida mara lafiya ko ka je gidan surukai, shi kake riƙewa.

Ya girgiza kai. "Sukari ya yi mai yawa. Bai gasuwa, ƙonewa shikai."

Na ajiye maganar a raina kamar sauran amsoshinsa, ban san zan nemi ta ba.

Sai ga wata shekara da garin alkama ya yi wuya. Wanda ake samu ma, an ce ruwa ya taɓa shi a hanya, wasu masu tanda kuma suna haɗawa da garin rogo don ya auku. Mutum ya ci burodi da safe, kafin azahar ciki ya murɗa. Ba ka sanin na wane gida ne mai kyau, don yau wannan ne, gobe wancan.

A wannan shekarar ɗiyata Rabi ta kamu da amai da gudawa. Ba ta ma isa shiga makaranta ba. Babanta direba ne, yana can hanyar Parakou, ba waya ba saƙo. Daga ni sai uwar mijina, Inna, a gidan.

Mun kai ta likita, wato asibiti, aka ba da magani, gudawar ta lafa. Amma abinci ya ƙi zama. Koko ya dawo, fura ta dawo, romo ya dawo. Ma'aikaciyar likitan ta ce in ba a samu abin da ya zauna a cikinta ba, maganin kansa ba zai yi aiki ba. Ta ce a gwada busasshen abu mara mai, kamar gasasshen burodi da ruwan shayi mara madara.

Idon yarinyar ya faɗa. In na ja fatar hannunta, sai ta tsaya a tsaye. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba.

Inna, Allah ya jiƙanta, tana son jikar nan kamar ranta. Ta aika har Gaya aka sayo burodi mai laushi, mafi kyau da aka samu. Muka gasa. Bayan ya yi baƙi, cikin ya yi danƙo, kamar yadda aka taɓa gaya mini. Rabi ta haɗiyi loma, ba a jima ba ta dawo da ita.

Washegari da sassafe na aika wa Malam Hamani cewa ya taimake ni da burodin da yaro mara lafiya zai iya ci.

Ranar kasuwa ce. Daga teburinsa zuwa gidanmu ba nisa. Na ɗauka kafin rana ta ɗaga zai aiko.

Hantsi ya yi, shiru. Rana ta take, shiru. Ina leƙa ƙofa ina komawa kan yarinya. Gaskiya raina ya ɓaci, har na ce a zuciyata ciniki ya fi masa ɗiyata.

Sai wajen azahar ya yi sallama. Fuskarsa a yamutse, gumi na zuba, yana riƙe da ragarsa da burodi guda. Burodin jiya ne, kuma an yanke masa kai.

Inna ta duba burodin, ta dube shi.

"Mi na gani haka? Kwantai? Kuma sauran da wani ya ci ya rage? Ɗiyar tamu mara lahiya za a ba wanga?"

Ku da kuka girma a nan kun san nauyin maganar. A wurinmu ba a kai wa mara lafiya abin da ya kwana, balle wanda aka gutsura. Raini ne, wasu ma na cewa mugun fata ne.

Malam Hamani ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Shi na ag gare ni mai kyau."



Inna ta ce ba a gidanta ba. Tunda na shigo gidan nan ban taɓa musa mata ba. Na dubi Rabi a kan tabarma, ko ƙuda ba ta iya korewa. Na dubi mutumin da na ga yana ƙwanƙwasa burodi shekara da shekaru. Na durƙusa na ce, "Inna, ki gahwarce ni, ki bari a gwada. In laihi na, nawa na."

Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Malam Hamani ya karɓi murhuna ya zauna a zaure. Ya jira harshen wutar ya mutu, ya barbaɗa toka a kan garwashin. Ya yanka siriri, ya fi wanda yake yi wa direbobi siranta. Ya yi ta juyawa a hankali har ya yi ja ya bushe ƙamas, in ka karya sai ka ji ƙas. Ya ce kar a sa mai, kar a sa sukari da yawa a shayin, a tsoma baki kaɗan a ba ta, a dakata.

Rabi ta tsotsa. Ta tauna. Muka zuba mata ido.

Burodin ya zauna a cikinta.

Aka jima ta buɗe baki da kanta, na ƙara mata. Kafin la'asar ta ci yanka guda har da rabi, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Inna ta fito, ta ɗauki sauran burodin ta nannaɗe a tsumma mai tsabta ta ajiye a ɗakinta, don kar wani ya taɓa.

Da na leƙa waje in aika a yi masa godiya, sai na gan shi zaune a gindin katangarmu. Bai koma kasuwa ba.

Rabi ta warke. Yau uwa ce, har da surukai.

Amma ni Jandarma, abu biyu suka tsaya mini a rai. Me ya tsare shi har azahar? Kuma wa ya ci kan burodin? Na tambaye shi a lokacin, ya ce, "Ɗiya ta tashi, mi kuma kike bincike?" Na sake tambaya bayan shekaru, ya mayar da abin wasa.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce na je ƙauyen Garou sayen albasa, na biya ta gidan ɗansa inda yake zaune tun da ya bar tebur. Na same shi a inuwa, ido ya yi rauni, amma da na yi sallama ya ce, "Wagga murya ta Jandarma ta."

Muka gaisa, muka yi hirar waɗanda suka riga mu. Sai na ce, "Malam Hamani, ni da kai duk mun kusa. Kar ka tahi da amsata."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya gaya mini.

Ya ce a wannan shekarar kunne da hanci sun daina isa. Burodi zai yi ƙara mai kyau, ya yi ƙamshi, ya kuma murɗa wa mutum ciki. Da saƙona ya same shi, akwai burodin gidaje daban-daban rataye a buhunsa, bai san wanne ne lafiyayye ba. Sai ya rufe tebur. Bai karya kumallo ba, ya yanki kan ɗaya ya gasa ya ci, ya zauna yana sauraron cikinsa. In ya ji shiru ko akasin haka, ya sha ruwa ya dakata, ya koma kan wani.

"Na hwarko ya kai ni bayan gari," in ji shi. "Wani ya sa ni tashin zucciya. Wanda nik kawo muku, shi ɗai na ya zauna lahiya."

Na ce to me ya hana ka faɗa wa Inna, ka wanke kanka?

"In ce mata mi? Ni kaina ban tabbata ba. Cikin babba daban, na yaro daban. Shi ya sa nike zaune bakin katanga. Na ce in ta amayar, in ji da kunnena, kar a aiko a hwaɗa mani."

 Ni da ba na rasa tambaya, ranar ko ɗaya ban samu ba. Ashe lokacin da nake leƙa ƙofa ina zarginsa, yana can yana gwada ciwo a jikinsa saboda ɗiyar da ba tasa ba.

Wannan ce ganawarmu ta ƙarshe.

Ya Allah, ga bawanka Hamani ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Yadda ya tsaya wa ɗiyata ranar da ba ni da kowa, ka tsaya masa ranar da ba shi da kowa sai kai. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ina roƙonka kar ka tsaya a rubuta ta'aziyya a kwamen kawai. In ka yi salla yau, ka ambaci sunan Malam Hamani a addu'arka.