Kakin da Mai Hoto Ya Sayo a Gwanjo

Mai Hoto mutum ne da ya ƙi jinin a ce wani ya fi shi, ko a tsawo ne. Tun yana saurayi yake rataye da kyamara a wuya, har ta duƙar masa da ƙeya. Shagonsa yana ƙarƙashin wani bene, jikin mai gyaran agogo. A ciki akwai labule mai zanen jirgin sama, kujera mai hannu, furen roba, da tarho da bai taɓa yin ƙara ba. Akwai kwat da tabarau na aro, don wanda ya shigo da tsumma ya fita a hoto kamar darakta. Da wayoyi suka kashe masa kasuwa sai ya koma hoton fasfo, yana tsine wa waya safe da yamma.

Matarsa bazawara ya aure ta. Mijinta na farko kyaftin ne na soja, ya rasu a bakin aiki tun ba su haihu ba. Ko hotonsa ɗaya ba ta shigo da shi gidan ba, ba ta kuma taɓa kawo zancensa ba. Mai Hoto ya ɗauki shirun nan a matsayin mantuwa, ya miƙe ƙafa, suka tara yara har suka aurar da babbar.

To, shi da kansa ya jawo wa kansa. Wata rana ya ga kakin hafsa a gwanjo, riga mai maɓallan ƙarfe, an ɓalle aninai an farke suna. Ya ce wannan za ta jawo samari shago. Ya saya, ya kai gida a wanke.

Matar ta buɗe leda ta ga kakin. Sai ta ɗaga rigar ta kai wuyanta hanci, ta lumshe ido. Ta wanke ta ita kaɗai a baho, ta sa sitaci, ta yi mata wata irin guga da Mai Hoto bai taɓa sanin ta iya ba, kari kamar ya yanka hannu. Maimakon shago, rigar ta ƙare a jikin ƙofar ɗakin kwanansu. Yau a ce maɓalli ya yi lako-lako, gobe a ce ba ta gama bushewa ba. Ranar da ya zura ta ya tsaya gaban madubi yana ƙamewa, matar ta leƙo ta ce, "Baban yara, cire don Allah. Ba haka ake sa ta ba."

Kai! Kishi ya kama shi, kishi na gaske, mai hana cin abinci. Wato da kuɗinsa ya sayo rigar kyaftin ya rataye a kan gadonsa? Ya rantse sai ya gano mai rigar nan. In ta marigayi ce, to ya san matsayinsa a gidan. In ba tasa ba ce, a bar masa matarsa.

Ya naɗe rigar ya koma wajen mai gwanjo. Mutumin ya ce, "Haba Malam, kayan dila wa ya san mai su?" Da Mai Hoto ya nace, ya sake dubawa ya ce a'a, wannan ba daga dila ta fito ba, wani mai wanki a bakin bariki ne ya kawo masa ita.

Mai wankin tsoho ne, hannunsa duk ya yi fari da sabulu. Ya juya wuyan rigar, ya nuna wani ɗan ƙulli na jan zare. Haka yake wa kayan kowa alama, in ji shi, don kada su cakuɗe a igiya. "Ta Manjo ce. Tumbi ya yi masa yawa ya bar min ita. Yana nan ya yi ritaya, kaji yake kiwo a bayan gari."

"Yana da rai?" Mai Hoto ya tambaya.

"Rai? Sai ka ji muryarsa tun daga titi."

Bai tsaya nan ba, don ya san matarsa ba za ta yarda da an ce ba. Ya rufe shago ya hau mota har gonar. Manjo ya fito daga cikin kaji da gajeren wando, ya ga rigar ya kwashe da dariya. Ya nuna ƙunar sigari a bakin hannu, ya ce shi ya yi ta. Ya gwada sa ta, maɓallai suka ƙi haɗuwa, tsakaninsu kusan taƙi guda. A haka Mai Hoto ya ce ya tsaya kada ya motsa, ya ɗauke shi.

Ya wanke hoton babba, ya nufi gida yana tafiya kamar shi ne hafsan. Ya tarar da ita tana ninke kayan yara. Ya dire mata riga da hoto a kan tebur.

"Ga mai rigarki nan. Manjo ne, yana da rai, kaji yake kiwo. Ba ta mijinki ba ce. Sai hankalinki ya dawo gida."

Ta ɗauki hoton ta duba, har ta ɗan murmusa don tumbin. Sannan ta dube shi da mamaki.

"Baban yara, ni na ce maka tasa ce? Ai tun da na ɗaga ta na san ba tasa ba ce. Shi kafaɗarsa ta fi wannan faɗi nesa ba kusa ba. Hannunsa na hagu ma ya ɗara na dama, sai na saki ɗinkin nake daidaita masa. Wuyansa kuwa nan yake cin riga, ta gefe." Ta nuna wajen da yatsa a hankali, a jikin rigar wani. "Ƙanshin yadin ne kawai iri ɗaya."

Mai Hoto ya dubi rigar a kan tebur. Ya bi mai gwanjo, ya bi mai wanki, ya sha warin kashin kaji, duk don ya raba ta da riga. Ashe ba a rigar mutumin yake ba. Yana nan cikin kanta da awonsa cif, shekara da shekaru, kuma babu mai wankin da zai je wa da wannan.

Ta warware rigar, ta ga yadda ya cukuikuye ta a hanya, ta yi tsaki.

"Dubi yadda ka yi da ita," ta ce. "Miƙo min dutsen gugar nan bayanka."

Ya juya ya ɗauko ya miƙa mata.