Dutsen da Tarimo Ya Gasa da Hannunsa

Duk garin Mirerani babu wanda bai san rumfar Sanare mai gasa dutse ba. Shi dutsen ado mai tsada da ake kira tanzanait, da yawansa ruwan ƙasa yake fitowa daga rami, kamar fasasshiyar kwalba. Sai ya sha wuta yake komawa shuɗin nan da baƙi ke haukacewa a kansa. A tsaunukan nan kaɗai ake samunsa, kuma cikin masu gasa shi babu mai hannun Sanare.

Kafin ya kafa rumfa, shekara goma sha ɗaya ya yi yana shiga ramin haƙar dutse na wani attajiri, Tarimo, yana fitowa baƙi ƙirin, haƙora kawai ake gani. Wata rana aka ce wani ɗan dutse ya ɓace. Tarimo ya dubi ma'aikata talatin, ya ce Sanare ne ya haɗiye. Aka ɗura masa maganin sa zawo, aka tsugunar da shi a kan bokiti da rana tsaka, jama'a na kallo. Ba a samu komai ba sai waken jiya. Tarimo bai ba da haƙuri ba, cewa ya yi ɓarawon ya iya ɓoyo. Tun daga ranar garin ke kiran Sanare da Bokiti.

Matarsa Nashipai takan ce, "Maigida, ka bar wa Allah mana."

Shi kuma ya ce, "Na bar masa. Kusa dai nake zaune in ga yadda zai yi."

Ya zauna ɗin kuwa, shekara tara. Ramin Tarimo ya ƙafe, motoci suka tafi ɗaya bayan ɗaya, tumbinsa ya sace. Ana nan sai ramin ya yi aman ƙarshe: dutse guda, ya kai dunƙulen hannu. Duk masu gasa dutse suka ji tsoron taɓa shi. Dole Tarimo ya tako rumfar Sanare, ya tarar da dillalai bakwai suna shan shayi.

"Bokiti, ashe kana raye?"

"Ina nan, ranka ya daɗe. Cikin ma ya lafa."

Sanare ya ɗaga dutsen a rana yana juyawa. Ta nan shuɗi, ta nan ja-ja, ta can ruwan zuma. A tsakiya kuwa ga wata tsaga siririya kamar gashi. Irin wannan in aka sa shi wuta ɗungurungum, tarwatsewa yake yi. Zuciyarsa ta ce ya karɓa ya gasa kawai. To amma in ya fashe a hannunsa, sunansa ne zai sake ɓaci, sana'ar ma ta tafi. Ya dubi Tarimo. Ai ya san mutuminsa.

Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Akwai tsaga a ciki. Kada a gasa shi haka. Bar mini shi kwana biyu in yanka shi uku, in cire wurin, sannan wuta."

Yana gama faɗa, da gangan ya dubi dutsen ya lashe leɓe, ya haɗiyi yawu, maƙogwaro ya yi ƙwat.

Tarimo ya fizge dutsensa. "Kwana biyu! Ka yanka uku ka miƙo mini biyu ko? Jama'a ku ji tsohon ɓarawo!"

Wani dillali ya ce, "Baba Tarimo, ka ji maganar mai sana'a."

"Sana'ar me? Ba wuta ba ce? Matata ma tana da murhu!"

Ya tafi gida ya binne dutsen cikin garwashi, ya sa aka yi ta fifita. Tun kafin la'asar maƙwabta suka ji tas-tas kamar ana gugguru. Ba a tsinci ko guda da ya kai ƙwayar masara ba.

Da labari ya iso, Nashipai ta harari mijinta. "Ka san sarai ba zai yarda da kai ba."

"Ni gaskiya na gaya masa, gaban mutum bakwai."

Ya rufe rumfa da wuri, ya sayi gasasshiyar cinyar akuya, ya bi doguwar hanya wadda ta ratsa ƙofar gidan Tarimo. Ga mutumin nan a tsakar gida da rariyar matarsa yana tankaɗe toka, fuska fari fat. Sanare ya leƙa cikin rariyar, ya daɗe yana dubawa.

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe. Launin kuwa ya fito da kyau."