Sunan Solange a Jikin Gungume

Wata biyar da binne Solange Mazurel, ɗan ƙaninta Thibault ya aiko mini da littafin tarihin kamfaninsu na cika shekara saba'in. A tsaye na karanta shi a kicin. Ga hoton kakansa Anselme a bakin maƙera, ga na ubansa Gaston, shi kansa kuma har guda huɗu. Solange kuwa layi ɗaya aka ba ta, ko sunanta babu: "Matan gidan ma sun taimaka da ɗinki."

Wai sun taimaka!

Ni Huguette, shekara talatin da ɗaya keken ɗinkina yana manne da nata. Bokona bai yi nisa ba, amma na san abin da idona ya gani. Anselme ƙusoshi da ƙugiyoyi yake ƙerawa masu hawan duwatsun Vercors da masu shiga kogo. A lokacin igiya kawai mutum ke ɗaurawa a ƙugu. Ranar da Gaston ya suɓuce a wani rami mai zurfi, igiyar ta riƙe shi, amma ta karya masa haƙarƙari uku. Solange tana da shekara goma sha tara. Ta yi mako biyu ba ta kula kowa ba, sai ga ta da ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi, wadda mutum zai zauna a ciki ko da yana reto. Ɗamarar nan ce ta riƙe gidan har yau. Allon ƙofa dai bai taɓa canzawa ba: Mazurel da Ɗansa.

Ba ta yarda ɗamara ta bar shago sai ta saka ta da kanta. Akwai gungumen da ya gitta rufin shagon. Takan wurga igiya a kansa, ta rataye, ƙafafu a sama, ni kuma in miƙa mata kofi. Sai ta shanye take saukowa, sannan ta yi ɗinkin ƙarshe da jan zare.

Nakan ce, "Ke tsohuwar jemage, sauko, miya za ta huce."

Ta ce, "Bari ta huce, uwar surutu. Ɗan wata uwa ne zai zauna a nan."

Haka ta yi har gwiwoyinta suka ƙi. Ba ta yi aure ba, ba ta taɓa shiga kogo ba, duhu take tsoro. Kullum takan tsaga burodinta biyu ta ba ni wajen da ya fi laushi, saboda haƙorana.

Ranar bikin cika shekara saba'in ɗin na tafi da basillarta a jaka, don kawai in riƙe wani abu nata. Ina shiga zauren kamfanin na ga gungumen. Sun sauke shi, sun goge shi yana ƙyalli, sun manna masa allo: "A nan Anselme Mazurel yake gwada kayansa." Anselme da ko kan kujera bai iya hawa saboda ciwon baya! Kwarmin da igiyarta ta ci a jikin katakon yana nan, yatsana biyu suna shiga.

Na kamo hannun rigar Thibault. "Kai, wa ya yi wannan kwarmin?"

"Haba, Inna Huguette, ga baƙi. An riga an buga littafin."

"Ba littafi na tambaye ka ba, mai hoto huɗu. Ka taɓa ratayewa a nan?"

"Yanzu inji ke gwaji, Inna."

"To, da can gwaggonka ce injin."

Ya yi 'yar dariya, ya juya wajen masu riƙe da kofuna. Wannan dariyar ce ta sa na ciro basillar. Na durƙusa gefen kwarmin na fara sassaƙa sunanta. Katakon ya bushe kamar ƙarfe, yatsuna kuma sun daɗe da kumbura. Harafi uku na yi, hannuna ya mutu. Ina kuka, ina zagin hannun.

Sai na ji ƙarar sanda a bayana. Gaston ne, shekararsa saba'in da biyar, dafe da gefen ƙirjinsa kamar kullum. Thibault ya ce, "Baba, hana ta mana." Ko kallonsa bai yi ba. Ya karɓi basillar ya ce, "Matsa, Huguette, rubutunki kamar tafiyar kaza." Ya ƙarasa sauran huɗun, a karkace.

Ban yi masa godiya ba. Shekara hamsin da wani abu yana wucewa ƙarƙashin wannan allon ƙofa da haƙarƙarinsa, bakinsa a rufe, sai da ta shiga ƙasa. Littafin ma yana nan yadda yake. Amma duk Lahadi in na dawo daga kabarinta nakan bi ta zauren, in leƙa ta gilashi. Ba su goge ba. In suka goge, basillar tana jakata.