Lofen Iya da Ƙirjin Angonta

Shekarar da masu daji suka hana mu noma gonakinmu na wajen Runka, aka yi wa maigidana canjin makaranta zuwa Safana. Malamin firamare ne. Muka samu ciki da falo a kwatas ɗin ma'aikata, gidajen da gwamnati ta gina, haya 'yar kaɗan ake cira a albashi. A lokacin kwanon gero na neman ya fi ƙarfin mutane, ɗaki irin wannan ba abin wasa ba ne. Na shiga da goyon ɗana na fari ina ta hamdala.

Aibin ɗakin ɗaya ne. Silin ya daɗe da zubewa, bangon da ya raba mu da maƙwabta kuma bai kai kwano ba. In sun soya albasa mu sha ƙamshi. In na yi atishawa na yi hamdala, daga can ake amsa mini.

Maƙwabcin namu malamin gona ne, ya ɗauko tsohuwarsa daga ƙauye don gudun tashin hankali. Kowa Iya yake ce mata. Tana da lofe, 'yar tukunyar taba mai dogon kara, da la'asar ta zauna gindin darbejiya tana busawa, iska na kwashewa. Ranar da ta fara ganin yaron nan ta ce ta yi miji. Kullum da hantsi sai ta leƙo tana neman angonta, ta ɗauke shi, tana yi masa gorin bai taɓa saya mata ko sabulu ba.

Sai katifa ta kama wuta a wani layi, aka ce guntun sigari ne. Mai kula da kwatas ya zagayo ya sanar da doka: ba shan taba ko'ina a cikin shingen gidajen, wanda aka kama a bakin ɗakinsa. Iya ta bi doka, amma irin tata. Ta bar gindin darbejiya, ta koma cikin ɗaki, ta turo ƙofa.

Ni dai ban yi boko mai nisa ba, amma ina da ido. Rana na shigowa ta ramukan ƙusa a kwano, sai in ga shuɗin hayaki yana tsallako bango yana sauka daidai shimfiɗar yaro. Ba a jima ba ƙirjinsa ya fara ƙara kamar ɗan kyanwa. In ya yi barci sai in tsuguna ina kallon haƙarƙarinsa har tuwo ya kama a tukunya. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni wa ke shan taba a gidanmu. Na ce babu. Ta ce to in bincika, kuma ko warin da ke maƙale a tufafi kada ya kusance shi.

Na rasa yadda zan yi. In na kai ƙara, ɗakin zai fita hannun ɗanta da iyalinsa, ga ƙauyensu ya watse. Maigida ya ce shi ba zai iya tarar mutum da maganar uwarsa ba. Ni kuma yaron ɗan farina ne, ko sunansa ba na kamawa, balle in tsaya gaban tsohuwa ina cewa ɗana kaza. Na hau turmi na cusa buhuna da kwalaye a saman bango, hayaki ya zagayo ta gefe. Iya ta jiyo motsi ta tambaya ko ƙadangaru nake kamawa.

Sai na daina ba ta yaron. In ta leƙo in ce yana barci, ko da idonsa biyu a bayana. Wata safiya ta tare ƙofa ta ce yau sai ta ga mijinta. Na sunkuyar da kai.

Na ce, "Iya, angonki ya aiko ni. Ya ce ya yi yaji."

"Yau na ji sabon abu. Namiji ne ke yaji?"

"Ya ce amaryarsa na turo masa hayaki ta saman bango, ƙirjinsa ya kasa ɗauka. Ya ce ki zaɓa, ko shi ko lofe."

Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Can ta ce in juyo. Ta kanga kunnenta a bayansa yana goye, ta daɗe tana saurare. Da ta ɗago babu dariyar. Ta ce ita a zatonta in ta rufe ƙofa hayakin nata ne ita kaɗai. Sannan ta lakaci kumatunsa.

"Ragon miji. Ka kasa faɗa mini da bakinka, sai ka aiko 'yar aike?"

Ba ta bar lofe ba, kada in yi mata ƙarya. Ranar da la'asar na hango ta ta fice ta bayan shinge, ta samu wani dutse kusa da inda ake ɗaure awaki. Can ba kwatas ba ne, doka ba ta kai ba. Mai kula da gidajen kan wuce a babur ya rage gudu ya gaishe ta, ta amsa da lofe a baki. Ta ware wani tsohon mayafi na shan taba, in ta gama ta rataye shi a shinge, ta wanke hannu, ta kuskure baki, sannan ta shigo.

A hankali ƙarar ƙirjin ta lafa, tuwona ya daina kamawa. Iya kuwa ta samu labarin ba matan kwatas: mijin da bai ajiye ta da ko allura ba ya kore ta daga ɗakinta zuwa cikin awaki. Da ya fara tafiya, shi ke zuwa bakin shinge ya tsaya yana jiranta. Ba ta yarda ya matso sai ta cire mayafin.