Baba Faraji, Mai Murza Tsirkiyar Sawira

Kafin mahauta su gama fiɗa, Baba Faraji ya isa kasuwar nama da bokitinsa. Ba ruwansa da tsoka ko hanta. Hanjin bunsuru yake zaɓa, ya ɗaga shi ga haske, ya shinshina, ya mayar da fiye da rabi. Daga nan sai saman ɗakinsa a bayan ganuwa: ya wanke, ya kankare, ya murza, ya ɗaure tsakanin ƙusoshi biyu a inuwa, iskar teku ta ƙarasa aikin. Shekara arba'in da bakwai ke nan. Mu maƙwabtansa mun sha toshe hanci, mun sha yi masa tsiya, shi kuwa ko a jikinsa.

Idan gimbiri, molon nan na mutanenmu Ginawa mai tsirkiya uku, ya tayar da mutane rawa a garinmu Sawira, makaɗi ake yabo. Ba wanda ke tambayar wa ya murza tsirkiyar. Baba Faraji bai taɓa kiɗa a taro ba, amma kunnensa ya fi na masu kiɗan. Yakan ce kiɗan ɗaya ne, kakanninmu da aka tsallako hamada da su suka zo da shi a ƙirji, sai kowane gari ya rene shi yadda ya ga dama. Na Marrakish akwai nauyin hannu a kan fata, na Tanja zaƙin murya, namu kuwa ƙasa-ƙasa yake tafiya, a tafin ƙafa ake fara jin sa.

Ni shaida ce, ta dalilin Gwaggo Yaƙutu, yayar mahaifina. Kowane Sha'aban sai an kaɗa mata takenta, ta lulluɓa da shuɗin mayafi, ta yi rawa har kiɗan ya ɗauke ta. Shekarar da ba a yi ba, ciwon kai ya kwantar da ita wata uku. Likita na da nasa bayanin, ban musa ba, amma abin da na gani ke nan.

Da makaɗinta Ma'allam Mas'udu ya rasu, aka ɗauko Ma'allam Layyashi daga Tanja. Gwani ne, ba ƙarya. Da la'asar ya zauna gwaji a tsakar gidanmu, ya ɗauko taken Gwaggo tiryan-tiryan. Ita kuwa tana zaune tana gyaran na'ana'a, ko kafaɗa ba ta motsa ba. Ya sake, ya kuma sakewa. Hankalinmu ya tashi, don taro gobe ne, kuma mun san abin da zai biyo baya.

Sai ga Baba Faraji ya leƙo ta katanga.

“Ma'allam, kifi ka zo kamawa?”

Ashe zaren fatsa na roba ne a gimbirin, irin wanda makaɗa da yawa suka koma wa saboda ba ya tsinkewa. Layyashi ya ɗaure fuska, ya ce da shi yake kiɗa tun daga Tanja har Fas ba wanda ya yi ƙorafi. Baba Faraji bai ja maganar ba. Ya koma ɗakinsa ya dawo da tsirkiya uku a jiƙe da man zaitun, waɗanda ya murza wa Mas'udu kafin ya kwanta ciwo. Da hannunsa ya ɗaura, ya sassauta babbar, ya miƙa wa baƙo, ya ce ya rage sauri kaɗan. Bugu na uku Gwaggo ta ajiye tire. Washegari ta yi rawarta, shekarar nan ko maganin ciwon kai ba ta nema ba. Layyashi ya tafi da yabon gari, Baba Faraji ya tafi da kofin shayi ɗaya, kuma bai ga an rage shi da komai ba.

Baba Faraji, kai ne wanda ake ji ba a gani. Na yi ta jin haushin yadda ba a ambaton ka, kai kuwa dariya kake yi mini. Ina ƙaunarka saboda wannan halin, kuma na gode.

Bana yatsunsa sun ƙi murza, ya ajiye aiki. Makon jiya ya zo gidanmu rungume da tulu, tsirkiyoyi kwance cikin mai, ya dire gaban Gwaggo, ya ce na Sha'aban tara ne.

“Tara? Kai Faraji, ka yanke mini kwana ke nan?”

“Yaya, iya abin da hannu ya iya ne. Sauran sai ki nemi wani.”

Ta ce ai kuwa za ta nema, don ita ba ta shirya tafiya ba. Suka yi ta dariya, ni kuma hawaye ya cika mini ido.

To, samarin Sawira, kowa gimbiri yake son rungumewa a ɗauke shi hoto. A samu ko mutum ɗaya ya hau saman ɗakin nan ya zauna kusa da tsohon, tun bakinsa na iya gyara wa mai koyo. Gwaggo ta ce akwai Sha'aban na goma.