Tumatirin Bokiti da Fadamar Ƙanena

Ko da zan manta da komai a harkar kasuwa, ba zan manta da yammacin da aka so raba ƙanena da fadamarsa saboda tumatirin bokiti ba. Ni dillalin kayan gwari ne, tun ina ɗaukar kwando a ka har Allah ya sa motoci suke lodi da sunana daga Funtuwa zuwa Kudu. Na ga macuta iri-iri, amma dukkansu da ruɓaɓɓen kaya suke cuta. Wannan shi kaɗai na gani ya yi tasa da kaya mai kyau.

Wani Alhaji ne da ya daɗe a Abuja, ya dawo unguwarmu da ƙaton tumbi da zaƙin baki. A tsakar gidansa ya kafa rumfar leda, ya jera bokitai, kowanne cike da babbakakken buntun shinkafa. Babu ƙasa ko cikin cokali. Siririn tiyo ne ke ɗiga wa kowace shuka ruwan da aka narkar da taki a ciki. Kuma gaskiya ɗaya ce, abin ya yi. A tsakiyar damina, lokacin da mata ke miya da busasshen tumatir, nasa ga shi nan jajir, ya yi nauyi har sai da aka ɗaure shi da igiya.

Sai gari ya ɗauka. Manoman da suka tsufa da fartanya a kafaɗa suka riƙa zuwa kallo suna riƙe baki, kamar ba su taɓa ganin tumatir ba. Shi kuma ya tsaya a tsakiya, hannu a baya, yana huɗuba. "Zamanin ƙasa ya wuce, jama'a. Nan da 'yan shekaru, gona kyauta za a ba ka ka ƙi karɓa."

Ƙanena yana cikin masu riƙe bakin. Yana da fadama a wajen Ƙarfi, rabonsa na gadon mahaifinmu, iyaka ɗaya da tawa. A wannan shekarar, tsutsa ta cinye masa tumatir ƙurmus, ya gaji, zuciyarsa ta mutu. Alhaji ya ga haka, sai ya yi masa tayi: ya ba shi fadamar, shi kuma ya kafa masa rumfa da bokitai a gida, ya koya masa sirrin haɗa ruwan.

Ya same ni a rumfata ta kasuwa. "Yaya, ba shawara na zo nema ba. Shaida nake so ka yi mini gobe bayan la'asar."

Na ce, "To. Buntun shinkafar ne za ka bar wa 'ya'yanka gado?"

Ya ce, "Kai dai ba ka son ci gaba."

Ban ja da shi ba, don wanda aka riga aka cika wa kunne ba ya jin na gida. Amma akwai abin da na sani wanda bai sani ba. A makon nan Alhajin da kansa ya zo wurina a ɓoye, ya ce in tanadar masa kwanduna na lodin babbar mota kafin rani, ya kuma tambaye ni inda ake samun injin ban-ruwa mai ƙarko.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a bakin rumfar ledar. Ga mai unguwa, ga dattawa, ga 'yan kallo. Aka yi addu'a, aka faɗi sharuɗɗa. Saura ƙanena ya ce ya sallama, sai mai unguwa ya juyo. "Kai ne babba, kuma kai ne maƙwabcin iyaka. Kana da magana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, 'yar tambaya ce. Alhaji, ƙasar nan da zamaninta ya wuce, me za ka yi da ita?"

Ya yi murmushin manya. "Taimako ne kawai. Rage masa wahala zan yi."

"Allah ya saka da alheri. To kwandunan da ka ce in tanadar maka fa? Duk abin da ke rumfar nan, in an tsinke shi tas, ba zai cika a-kori-kura ba. Injin ban-ruwan kuma, bokiti zai riƙa shayarwa?"

Alhaji ya gyara hula, ya ce hassada ce ke damuna.

Na ce, "To mu kashe hassadar. Na ji kana da gona a hanyar Dayi. Ni ma bari in taimake ka. Zan ninka maka bokitan nan, da rumfa, da tiyo, ka ba ni ita yanzu a gaban mai unguwa."

"Albarka!" Da ƙarfi ta kuɓuce wa Alhaji, kafin ya tuna huɗubarsa.

Wani tsoho ne ya fara fashewa da dariya, har da buga sanda a ƙasa. "Ashe taka ƙasar zamaninta bai wuce ba, Alhaji?" Mai unguwa ya kawar da kai yana tarin ƙarya. Ƙanena bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya zura takalmansa, ya fita ba sallama.

Na bi bayansa, a hanya ya tsaya ya harare ni. "Yaya, ka kunyata ni a gaban mutane."

Na ce, "Na kunyata ka. Kunyar za ta wuce, fadama tana nan."

Sai da ya yi wata bai taka gidana ba. Ban damu ba. Da rani ya kama, a fadamarsa na same shi, laka har gwiwa, yana dasa. Alhaji kuwa ya daina huɗuba, sai dai har yau in ya hango ni a masallaci yakan sauya sahu.

Ban raina noman bokiti ba. Dabara ce mai kyau, tana wadatar da tukunyar gida, mai hali ma ya faɗaɗa ta ya ci riba. Abin da na raina shi ne mai kushe abu da baki yana miƙa masa hannu. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini kayana ba su da daraja, ba na musu da shi. Sai in duba in ga ko shi zai yarda ya rabu da nasa.