Ba Ari Mai Kushe Aiki

Shekarar da aka hana hawan moto, wato babur, a Diffa, kowa ya koma ƙafa, a shekarar na san Ba Ari. Shi dokar ba ta taɓa shi ba, don tun da yake bai taɓa hawa ba. Da takalminsa na tayar mota yake zaga gari yana samo wa mutane ma'aikata. Kuma ba kowane aiki ba. Wanda kowa ya guje wa, shi ake kawo masa. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, sai yayarsa Ya Fanna, makauniya, wadda yake riƙo a gida.

Ku da kuka zauna da shi a gindin dogon yaro, bakin kasuwar tattasai, kun san yadda yake farawa. Sai ya dubi mai neman aiki daga ƙafa har hula, ya girgiza kai, ya ce, "Kar ka karɓa." Daga nan ya shiga kushe aikin.

Wani mai injin niƙan tattasai ya taɓa zuwa da kuka, duk wanda ya ɗauka ba ya daɗewa. Ba Ari ya tara samari, mai injin yana tsaye, ya ce musu, "Idonku zai yi ja. Matanku za su raba muku shimfiɗa. Jariri kuka ɗauka sai ya yi atishawa."

Mai injin ya ce, "Ba Ari, ni na aike ka ko maƙiyina?"

"Wanda magana ta kora, tattasai ma zai kore shi. Gara ya gudu a nan, bai ci tuwonka ba."

Samarin kuwa suka watse kaf. Washegari ya taka har Gagamari, ya dawo da wani dattijo da ya yi shekaru yana shaƙar garin taba, hancin ya riga ya mutu. Dattijon ya wuni a cikin injin, ya fito jawur kamar an tsoma shi a manja. Aka tambaye shi ya aiki. Ya ce, "Lafiya lau, sai dai ƙarar ta yi yawa."

Har masu fararen motoci na furoje, wato ƙungiyoyin agaji, suna zuwa wurinsa. Sun nemi majo, ma'aikacin jinya, da zai zauna a ɗakin shan magani na wani ƙauye can arewa, sun rasa. Ba Ari bai ce a kawo takardar kowa ba. Ƙofar likita, wato asibiti, ya je ya zauna yana kallon ma'aikata, har ya ga wani da salularsa ba ta hutawa. Ya ja shi gefe.

"Yarona, kar ka karɓa. Babu wuta, babu mota sai ranar kasuwa, babu rezon waya. Ko ƙanin babanka ya so kiran ka ranar albashi, ba zai same ka ba."

Majon ya ce, "Har dangin matata?"

"Har su."

"Baba, yaushe motar take tashi?"

Mushe, wato malamin da ke koya mana karatu a ajin manya ma, shi ya samo shi. Ya gaya masa ɗaliban tsofaffi ne masu gardama, haƙori ya zube, ƙwaƙwalwa ta bi shi. Ni ne a layin gaba.

Ni kuwa lokacin da na je wurinsa, rikici ya sa mun baro ƙauyenmu na bakin kogin Komadugu, mun bar tattasai tsaye a gona. Muna zaune a sansanin Assaga da matata Bintu da yara, hannu babu komai. Bai tambaye ni abin da na iya ba. Ya zaunar da ni, ya fara ba ni labarin wani raƙumi da ya kusa saya. Tun hantsi. Muka yi azahar, ya ci gaba. Aka kira la'asar, ana kan duba haƙoran raƙumin.

Sai ya tsaya. "Modu, ba ka tambaye ni ko na saya ba."

Na ce, "Na ɗauka za ka iso wurin."

Ya tafa hannu. Ashe wani Alhaji ne a Shetimari ke neman mai ban-ruwa a lambu, kuma ba aikin ne ke korar mutane ba, surutun Alhajin ne. Na yi shekaru a lambun nan. Da shi na ciyar da yarana.

Da ciwo ya kwantar da Ba Ari, ya aika a kira ni. Na same shi a tsakar gida, ya rame, takalmin yana jingine da bango. Ya Fanna tana cikin ɗaki.

Ya ce, "Akwai wani aiki. Na zaga a raina gari duka, ban samu mai yi ba. Babu albashi, babu ranar hutu. Tana kushe miya tun ba ta ɗanɗana ba. Ka share tsakar gida, ta ce ta ji a ƙafarta ba ka share ba. Idan ta yi fushi, da sunan jakinmu da ya mutu take kiran mutum."

Daga ɗaki Ya Fanna ta ce, "Idona ne ya tafi, Ari, ba kunnena ba."

Ya rage murya. "Ka ji ko? Kar ka karɓa."

Sau da yawa na ji wannan magana a bakinsa, amma ban taɓa jin ya faɗe ta a kan jininsa ba sai ranar. Na jira ya ƙarasa, kamar yadda na saba. Bai ƙara komai ba.

Na ce, "Sai na yi shawara da Bintu."

Da na gaya mata, Bintu ta ce, "Miyar tawa za ta kushe? Mu je in gan ta." Muka kwaso kayanmu muka tare a gidansa. Ba Ari ya kwana biyu yana sauraron su suna faɗa a kan gishiri, yana murmushi. Bai kai kaka ba.

Allah ya jiƙan Ba Ari, ya sassauta masa kwanciya, ya karɓe shi ba tare da an kushe aikinsa ba.

Ya Fanna tana nan, ni ne jakin yanzu. Na tambaye ta ko ya sayi raƙumin nan. Ta ce ita ma bai taɓa kai ta ƙarshe ba.

Abin da aka rasa ke nan: dattijon injin ya tsufa, ba a samu madadinsa ba. Tabarma ɗaya ta ragu a gindin dogon yaro. Ya Fanna ta rasa ƙaninta. Ni na rasa ƙarshen labarin raƙumi.